Kuskuren Maɗaba'a a Bangon Littafi: Shaidar Tarihi da Ke Lalacewa a Ƙasar Haɗejiya

Duk wanda ya taɓa jera tsofaffin littattafan Hausa na shekarun 1990, irin waɗanda ake samu a adakar iyaye mata a Malam Madori da Haɗejiya da Kaugama, ya san wani abu da masu nazari ba su cika kulawa da shi ba. Sai ka ɗauki kwafi biyu na littafi ɗaya, suna ɗaya, marubuci ɗaya, amma bangonsu ya sha bamban. A wannan, gyalen yarinyar da aka zana ja ne wur, a wancan ya koma ruwan goro. A wannan fuskar saurayi ta fito tsaf, a wancan jan launi ya zame gefe har ka ga kamar idanunsa huɗu. Wani an buga sunan littafin da ƙugiyar ƙ da ɗ, wani babu ko ɗaya, wani kuma an bi da biro an ɗora ƙugiyar da hannu kafin a kai wa inji. Mai karatu yakan ce ganganci ne na 'yan maɗaba'a, ya wuce abinsa. Alhali kuwa waɗannan kurakurai da sauye-sauyen launi suna cikin mafi ƙarfin shaidar da ta rage mana game da tarihin ɗab'in Hausa: wa ya buga, yaushe, da wane inji, kuma cikin wane hali na rayuwa. Babban kaso na wannan shaida yana gidajen talakawa a garuruwa irin Malam Madori, ga shi kuma gara da danshi da ambaliya suna cin rabonsu a cikinta kowace damina.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a sha'anin launi da kuskure a kan takarda. Ƙasar Haɗejiya tana cikin yankin da almajirai ke kira gabas, inda gardawa ke zuwa neman tilawa, kuma alarammomin tsangaya sun daɗe suna rubuta Alƙur'ani da ka. A wannan rubutu kowane launi da aikinsa: baƙar tawada ta baƙaƙe ce, ja ta wasulla, rawaya ta hamza, koriya kuma ta alifin da ake sadarwa. In ja ta sauka inda ba wurinta ba karatu ya canza, shi ya sa ake kai rubutu gaban wasu alarammomi su bi shi daki-daki su fitar da gyara. Mai kwafar littattafan ilimi ma yakan rufe aikinsa da roƙon wanda ya ga kuskure ya gyara, ya kuma yi masa addu'a. A tarbiyyarmu ke nan kuskure abin gyarawa ne, kuma haka ya kamata. Sai dai masana tarihin da suka zo daga baya sun gano cewa abubuwan da marubuci bai yi da niyya ba su ne sukan tona zamaninsa. Takardar da aka fi rubutu a kanta a ƙarni na 19 daga Italiya take fitowa, ta ratso Sahara a bayan raƙuma, tana ɗauke da tambarin jinjirin wata uku wanda ba a gani sai an ɗaga ta a haske, kuma da irin wannan tambari ake kimanta shekarun rubutun da ba shi da kwanan wata. Haka nan in kwafi biyu suka yi tarayya a kuskure ɗaya, an san daga uwa ɗaya aka kwafo su. Wannan hanyar bincike da aka yarda da ita a kan rubutun hannu ita ce ya kamata a ɗora a kan littafin inji.

Rubutun boko ya shigo da nasa alamomin. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, inda ake ɗiga ɗigo a ƙarƙashin b da d da k don a bambanta su da takwarorinsu. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya yi amfani da waƙafin sama a gefen harafi. Sai a ƙarshen shekarun 1930 haruffa masu ƙugiya suka zauna da gindinsu a Zariya, inda Rupert East yake jagorantar Hukumar Talifi. Gasar rubutu ta 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, hukumar ɗab'i ta NORLA ta yi zamaninta a shekarun 1950, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC ya karɓi aikin a 1966. Wanda ya san wannan jeri, da ganin yadda aka buga ƙ a shafi zai iya kusantar shekarun littafin ko da bangon ya yage. Ƙasar Haɗejiya kuwa tana kan hanyar waɗannan kaya tun farko. Layin dogo daga Kano ya kai Nguru a 1930, Malam Madori ta zama tashar da Haɗejiya ke fitar da gyaɗa da sauran amfanin gona, ta nan kuma wasiƙu da jaridu da littattafan makaranta suke shigowa. Masarautar ba karɓa kawai ta yi ba, ta bayar: waƙoƙin Mu'azu Haɗejiya, wanda ya rasu a 1958, a Zariya aka buga su, aka kuma yi ta sake buga su shekara da shekaru, kowane bugu da irin bangonsa.

A wancan zamani na hukuma akwai mai duba rubutu, akwai mai gyara, kuma yawanci akan rubuta shekarar bugu a bayan shafin farko. Abin ya sauya ne da abubuwa biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye ɗimbin yara maza da mata masu iya karanta Hausar boko, sannan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda da tawada suka yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya suka maƙale wa littattafan jarrabawa. Masu karatu sun yi yawa, masu bugawa sun yi ƙaranci, sai marubuta suka ɗauki nauyin kansu. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa, ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya suka kafu. Littattafan ƙanana ne, an ɗinke su da waya, an kasa labari kashi biyu ko uku don mai saye ya iya. Da yawansu babu shekarar bugu, babu sunan maɗaba'a, babu lambar rajista, kuma dokar 1970 da ta wajabta wa mai ɗab'i ya ajiye kwafi uku a Ɗakin Karatu na Ƙasa ba ta kai gare su ba a aikace. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun fitar da jerin sunayen irin waɗannan littattafai na 1987 zuwa 2002, sama da 700, aiki ne kuwa mai girma. Amma jerin suna daban, tarihin kowane bugu daban, kuma wannan na biyun har yau yana jiran mai yi.

Don a fahimci inda kuskuren yake fitowa sai an san yadda ake buga bango. Hoto mai launi ana raba shi gida huɗu ne: shuɗi, ja, rawaya da baƙi, kowanne da farantinsa. Babbar maɗaba'a tana da injin da takarda ke ratsa launukan huɗu a tafiya ɗaya. Ƙananan maɗaba'un Kano kuwa sun fi dogara da tsofaffin injuna masu launi ɗaya, irin su Kord 64 na kamfanin Heidelberg, waɗanda aka sayo na hannu daga Turai. A irin wannan inji takarda sai ta shiga sau huɗu, kuma tsakanin kowace shiga sai an wanke inji, an sauya faranti, an zuba wata tawadar. In takardar ta goce da kaurin gashi a shiga ta biyu, launi ya zame, fuska ta yi inuwa. In da damina ne takarda ta sha danshi ta miƙe, in da hunturu ne ta bushe ta motse, kuma in wutar NEPA ta ɗauke bayan an buga launi biyu, sauran biyun sai gobe ko jibi, a kan takardar da yanayi ya riga ya taɓa. Mai inji da ido yake auna tawada, don haka bangon farko da na ƙarshe a aiki ɗaya ba sa zama daidai. In aka yi rashin sa'a aka musanya farantin shuɗi da na ja, mutane su fito koraye ko shuɗɗa. In wasu takardu suka manne suka tsallake shiga ɗaya, a sami bangon da babu rawaya a cikinsa sam. Marubucin da ya ci bashi ya buga littafi ba zai zubar da waɗannan ba, sai a haɗa su da masu kyau a kai kasuwar Sabon Gari. Akwai kuma sauyin da ba na inji ba ne: bangon da ya daɗe a rana a teburin mai sayarwa, ja da rawaya su ke fara koɗewa, a bar shuɗi da baƙi. Mai bincike dole ya iya rarrabe aikin rana da aikin inji, kuma ana ganewa ta duba gefen da wani littafi ya rufe.

To, me waɗannan alamomi suke faɗa? Da fari suna jera bugu a kan tsari. Marubuci yakan buga gwargwadon kuɗinsa, in ya sayar ya koma, wani lokaci wata maɗaba'ar daban, wani lokaci farantan farko sun ɓace sai an sake zana bango. Faranti yana cinyewa da aiki, don haka tabon da ya bayyana a wani kwafi ya kuma faɗaɗa a wani yana nuna wanne ya riga wanne. Na biyu, suna tona satar fasaha. Ɓarawon littafi ba shi da zanen asali, bangon da aka riga aka buga yake ɗauka hoto, sai launi ya yi duhu ya dagule, siraran haruffa su yi kauri, wani saƙa-saƙa ya bayyana a fuskar hoton. Na uku, in aka haɗa su da ƙananan bayanai na ciki suna bayar da shekara. Littafin da ya lissafa wakilin sayarwa a Haɗejiya ta Jihar Kano ya riga 27 ga Agusta 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, ko kuma an buga shi da tsohon faranti, wanda shi ma labari ne. Wanda ke ɗauke da lambar waya mai farawa da 064 na zamanin wayar girke ne a Kano, wanda ke da lambar salula ta GSM bai riga 2001 ba. Ƙugiyar da aka ɗora da biro ta zamanin keken rubutu ce da kwamfutocin farko da ba su san ƙ ba, kafin haruffan Hausa na kwamfuta irin waɗanda Abdalla Uba Adamu ya tsara a shekarun 1990 su yaɗu. Rashin ƙugiyar ma ba ƙaramin abu ba ne, don shi ke mai da ƙafa ta zama kafa. Bangon da aka zana da hannu da launi ɗaya ko biyu, da wanda aka liƙa hoton 'yan fim bayan finafinan Kano sun bunƙasa a ƙarshen shekarun 1990, da wanda aka haɗa a kwamfuta, kowanne zango ne a tarihin sana'ar.

Waɗanda suka fi kowa nisa a wannan fage su ne masu tara mujallun labari cikin zane a Amurka, kuma tarihinsu yana da darasi a gare mu. Su ma mujallunsu kayan arha ne tun asali, a takardar jarida ake buga su, yara su karanta su jefar. Da mujallar Hulk ta fara fitowa a 1962, Stan Lee da Jack Kirby sun nufi dodon ya zama ruwan toka, amma maɗaba'a ta kasa riƙe launin, ya riƙa fitowa daban-daban daga shafi zuwa shafi, sai aka mai da shi kore tun daga fitowa ta biyu. Launin da duniya ta san shi da shi yau, gazawar inji ce ta haife shi. A 1971 wasu kwafi na fitowa ta 110 ta Fantastic Four sun fito da launukan bango a birkice, jarumin da aka sani da ruwan lemo ya zama kore. A 1993 wasu kwafi na fitowar farko ta Venom: Lethal Protector sun tsallake jan ƙyalli da ake shimfiɗa wa bangon, suka fito baƙaƙe. Irin waɗannan yau sun ninka masu lafiya kuɗi sau da yawa. Masu tara kan sarki sun riga su a wannan: a 1918 an buga wani kan sarki na santi 24 a Amurka da jirgin sama a kife, takarda ɗaya mai guda 100 ce ta fita, kuma a 2023 an sayar da guda ɗaya a kan kimanin dala miliyan 2. Fitowar farko ta Action Comics ta 1938, inda Superman ya fara bayyana, santi 10 aka sayar da ita, amma a 2024 wani kwafi ya kai dala miliyan 6. Tun 2000 akwai kamfanin CGC da ke duba mujalla ya ba ta maki ya rufe ta cikin roba. Abin lura shi ne kafin kuɗi ya shigo, sai da wasu suka zauna suka kwatanta kwafi da kwafi, suka rubuta kowane bambanci. Ilimin ne ya riga kasuwar.

Amma a tarihin nasu akwai gargaɗi. Da kamfanoni suka ga mutane na biyan kuɗi don bambancin bango, sai suka fara ƙirƙirar bambancin da gangan. A 1986 mujallar The Man of Steel ta fito da bango iri biyu. A 1991 kamfanin Marvel ya fitar da X-Men da bango iri biyar, aka sayar da kwafi sama da miliyan 8, mutane suna saye suna ɓoyewa da zaton za su yi arziki. Abin da kowa ya ɓoye kuwa ba ya tsada. Kasuwar ta rushe a tsakiyar shekarun 1990, shaguna masu yawa suka rufe, Marvel kansa ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a Disamban 1996. Darasin a fili yake. Bambancin da aka yi da gangan don a yaudari mai saye ba ya shaidar komai sai kwaɗayi. Wanda ya faru ba da niyya ba shi ne yake da daraja a wurin mai tarihi, saboda babu wanda ya shirya shi don ya burge wani. Abin da ya dace mu ɗauka daga wurinsu shi ne haƙurin kwatantawa da rubutawa, mu bar musu cacar.

Wani zai ce ai kuskure aibi ne, girmama shi kuwa ƙarfafa wa masu aikin ha'inci gwiwa ne, ga shi dama malaman Hausa sun daɗe suna kuka da yadda waɗannan littattafai suka yi wa ƙa'idojin rubutu kaca-kaca. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma ba a neman kowa ya yaba wa maɗaba'ar da ta ɓata aiki. Wanda ya kai aiki yau aka zamar masa da launi yana da haƙƙin ya ƙi karɓa. Sai dai ajiye shaida daban ne da yabon laifi. Likita yana ajiye bayanin cuta ba don yana son ta ba. Wanda ma yake son a gyara rubutun Hausa shi ya fi kowa buƙatar sanin inda ɓarnar ta fito: nawa ne laifin marubuci, nawa ne na mai keken rubutu wanda wataƙila ba Bahaushe ba ne, nawa ne na injin da ba shi da harafin. In an kwatanta bugu na farko da na uku aka ga marubuciya ta bi ta gyara kurakuranta, an wanke ta daga zargin da aka daɗe ana yi wa ire-irenta. In aka ga kurakuran sun ƙaru, an san littafin ya fita daga hannunta. Ba tare da kwafin mai kuskure ba, duka hukuncin biyu zato ne kawai.

Wani kuma zai ce littattafan kansu ba su cancanci wannan wahala ba, na soyayya ne, masu ɓata tarbiyya. Wannan muhawara tsohuwa ce. An yi ta a jaridu a shekarun 1990 tsakanin Ibrahim Malumfashi, wanda ya yi musu laƙabin adabin kasuwar Kano, da irin su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu da suka ga akwai abin dubawa a cikinsu. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Kano ta kai ga ƙona wasu a bainar jama'a, daga bisani Hukumar Tace Finafinai ta jihar ta shiga tantance marubuta da littattafansu. Iyaye suna da haƙƙin zaɓar wa 'ya'yansu abin karantawa, wannan ba abin jayayya ba ne. Amma ɗakin ajiyar tarihi ba ajin yara ba ne. Waɗannan littattafai su ne abin da dubban mata da matasa suka karanta shekara ashirin, a cikinsu aka yi maganar auren dole da kishi da saki da karatun 'ya mace, kuma da su mutane da yawa suka riƙe karatun da suka koya a firamare bai zube ba. Mai son su da mai ƙin su duka suna buƙatar ainihin abin a gabansu in za su yi magana da hujja. Bayan haka ma, hanyar binciken ba ta tsaya kan littafin soyayya ba. Ita ce za a bi a kan ƙasidun ajami da littattafan addini da ake bugawa daga rubutun hannu, irin aikin marigayi Sharu Bala Gabari na Kano, inda zamewar ja daga kan baƙi take taɓa karatu kai tsaye. Ita ce kuma za a bi a kan mujallu irin Fim, wadda ta fara fitowa a 1999, da kalandu da fastocin siyasa.

Ƙorafi na uku shi ne na zamani: tunda ana iya ɗaukar hoton littafi a waya, me ya sa za a tara takarda? Lallai hoto ya fi babu, kuma ya kamata a ɗauka. Amma abin da ke yawo a WhatsApp da shafukan intanet galibi labarin ne tsirara, an sake buga shi, an jefar da bango da tallan baya da jerin wakilai, wato duk inda shaidar take. Wanda ake karantawa a YouTube ko a rediyo ma ko harafi babu. Ko an ɗauki hoton bangon, kowace waya da yadda take nuna launi, kuma hoto ba ya nuna kaurin takarda ko irin ɗinki. Sannan mai ɗaukar hoto kwafi ɗaya yake ɗauka ya ce ya gama, alhali duk maganar a kan kwafi biyu ne da uku na abu ɗaya.

Dalilin da ya sa ake kiran sunan Malam Madori da maƙwabtanta a wannan batu shi ne yadda littafi yake tafiya. A Kano kaya juyawa suke yi, sabon bugu ya ture tsoho, ɗan kasuwa ba ya ajiye abin da ya kwana. Garuruwan da ke ƙarshen hanya kuwa, inda littafi ke zuwa a jakar ɗan kasuwa ko a kayan amarya, nan yake zama. Ana ba da aronsa gida-gida, ana ba da hayarsa, in ya tsufa a sa shi ƙasan adaka. Don haka akwai kyakkyawan dalilin sa ran cewa bugun farko da ya ɓace a Sabon Gari yana nan a Malam Madori ko Birniwa ko Auyo ko Guri. Amma nan ɗin ne kuma haɗari ya fi yawa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin Haɗejiya ta sauya, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliya ta yi ta'adi a masarautar a 2012 da 2018 da 2020 da 2022. Ranar da ruwa ya shigo gida, rai ake ceto da hatsi da dabbobi, babu mai tuna adakar littattafai, kuma babu mai ganin laifin kowa a kan haka. Takardar jarida in ta jiƙe ta manne, shi ke nan. Inda ruwa bai kai ba, gara ta kai, inda gara ba ta kai ba, mai ƙosai ta naɗe kayanta da shi.

Aikin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba. Wanda yake da irin waɗannan littattafai ya ɗaga su daga ƙasa, ya raba su da jikin bango mai danshi, kada ya liƙe su da salatif, kada ya kai a rufe su da roba mai zafi, kada kuma ya jefar da ɗaya don yana da irinsa, domin na biyun ne yake ba na farkon ma'ana. Ya rubuta a wata takarda daban inda aka saya da shekarar da aka saya, in ana tunawa. Sassan Hausa da na tarihi a Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse da Kwalejin Ilimi ta Gumel suna da ɗalibai da ke neman batun bincike kowace shekara. Ɗalibi ɗaya zai iya ɗaukar littafi ɗaya ya bi ƙananan hukumomi takwas na masarautar ya tattara duk bugun da ya samu, ya kwatanta, ya rubuta. Majalisar Masarautar Haɗejiya da ƙananan hukumomi za su iya ware ɗaki ɗaya a kan tudu, mai kanta da iska, inda za a karɓi abin da mutane suka kawo a rubuta sunan mai shi. Tsofaffin masu inji da masu zanen bango da dillalan littattafai na Kano da yawansu suna raye, kuma su kaɗai za su iya duban bango su ce wannan aikin wane ne, a je a ɗauki bayaninsu tun suna iya bayarwa. Malamai da ɗalibai da masu sarauta da iyaye mata masu adaka, a fara wannan aiki da rani, kafin ruwan wata damina ya sauka.